Girgiza Ai Girgiza Ce

Asabar, bayan la'asar

Shekarar da babbar kasuwar Tamanos ta ƙone, wutar nan da muka riƙa hango jan haskenta daga Dilimi, a shekarar aka haifi jikana Jabir. Ni da wannan nake lissafin komai. In an tambaye ni yaushe aka daɓe masallacin layinmu, in ce kafin gobara. Yaushe na sayi injin niƙan da nake ci da shi yanzu, bayan gobara. Ban yi boko ba, wannan ɗan rubutun ma a yaƙi da jahilci na tsince shi da furfurata, amma babu gida a unguwar nan da ban san wanda ya aza tubalinsa ba. Da, in an yi la'asar a bakin shagona ake taruwa, ni Hammajoda mai inji ina faɗa ana ji. Tun makon jiya ba mai zama. Gwamnati ta hana fita daga magariba zuwa wayewar gari, mutane kuma suka ƙara wa kansu tun daga la'asar. Tunda ba kunne, ga takarda.

Abin da ya faru a gari ba zan rubuta ba. Waɗanda suka gani sun sani.

Abin da zan rubuta shi ne yau na yi rantsuwa. Jabir ɗan gudu ne, dogon gudu, irin wanda ake fita gari a hau tudu a gangaro. Ƙarshen watan nan akwai gasar da za a zaɓi masu yi wa jiha gudu, kuma shekara biyu ke nan ba shi da zance sai ita. Watan jiya tsokar bayan cinyarsa ta hagu ta ɗan yage, kocinsa Badung yana masa jinyarta a wani ɗakin motsa jiki a Rayfield. Da safe na same shi a zaure yana ɗaure igiyar takalmi.

Na ce, ina zuwa?

Ya ce, "Wajen Koci mana, Tsoho. Da rana ai ba doka."

Na ce ta dare ce ta gwamnati, ta rana tawa ce. Ya yi dariya, ya ɗauka wasan kaka da jika ne irin wanda muka saba. Sai na ji bakina ya ce, wallahi tallahi ƙafarka ba za ta taka hanyar Rayfield ba sai gari ya lafa. Uwarsa Asta tana tsaye da tsintsiya a hannu, ta ji. Ya dube ni, ya sunkuya ya kwance igiyar.

Ubansa ma da rana ya fita, bai dawo ba. Man gas na inji ya je nema Titin Bauchi, da jarka a hannu, Jabir bai fara famfara ba. Ba na kiran sunansa. Mutane sun ɗauka kunyar ɗan fari ce kawai. A bar su a haka.

Lahadi, hantsi

Jabir bai karya da ni ba.

Litinin, bayan azahar

Na kira shi shago na ce ya gaya mini, wai me ke Rayfield da babu a Dilimi. Ya ce ba gudu yake zuwa yi ba, Koci ya hana shi gudu mai ƙarfi tukuna. Wani inji ne, faranti na ƙarfe kamar babban faifai. Ka hau ka ɗan rusuna, sai ya kama karkarwa, tsokar ƙafa ta riƙa kamawa tana saki da kanta, jini ya zagaya, ƙarfi ya dawo ba tare da an buga ƙafar da ƙasa ba. Ɗan lokaci kaɗan ka sauko ka huta, ka sake hawa.

Na yi dariyar da rabona da irinta tun kafin a sa doka. Na ce, girgiza za ka keta gari nema? A gidan girgiza aka yanke maka cibiya.

Rayfield ɗin da yake mini burga da ita, na san ta tun tana ramukan kuza da gidajen Turawa. A can na riƙe injin fasa dutse ina saurayi, ni da Rwang, uban shi wannan kocin nasa, rami ɗaya, kwano ɗaya. Injin nan in ka danna shi a dutse har haƙoranka sai sun gaisa da juna. Daga safe zuwa yamma. Shi ya gina mini kafaɗun da na riƙa ɗaga buhun masara ni kaɗai. Na baro rami na kama niƙa, nan ma girgiza ce. Ga ni, har yau ban kwanta asibiti ba.

Ya ce, "Tsoho, ba iri ɗaya ba ne."

Na ce girgiza ai girgiza ce.

Ya ce, "To dubi hannunka. Shayi rabinsa kake sha, rabi riga ta sha."

Na ce wannan sanyin Jos ne.

Da yamma na samo katako mai kauri na ɗaure shi da noti a kan ƙarfen da inji yake zaune a kai, gefen da ba bel ɗin da ke juya injin. Notin ya ba ni wahala, yana ta zillewa daga yatsuna. Na dai ɗaure.

Talata, bayan azahar

Jabir ya hau. Ya ce sau ɗaya zai hau don in bar shi ya sha iska. Ya tayar da inji, don shi yake tayar mini da shi yanzu, na zuba mudu guda na masara, ya tsaya a katako ya rusuna kamar mai gaida surukai. Kumatunsa suna rawa, matan da suka kawo niƙa suna riƙe ciki. Wata ta ce, "Baba, in ya yi laushi a tankaɗe mana shi." Shi ma dariya yake, muryarsa tana kakkatsewa.

Mudun na ƙarewa ya sauko. Ya taka, ya sake takawa. Sannan ya ce, "Kai. Ta yi ɗumi fa. Kamar ta yi sauƙi."

Yau ya karya da ni a kwano ɗaya.

Laraba, da yamma

Mudu biyu yau. An ji ƙara daga wajen Titin Bauchi, kowa ya ja ƙofarsa. Daga baya aka ce taya ce ta fashe.

Juma'a, bayan an sauko

Liman ya taƙaita huɗuba. Motar soja a bakin layi, hancinta na kallon masallaci. An sallaci mutum biyu. Na san kakanninsu duka, ɗaya ma ni na raka shi neman aure.

Bokitin Nkem mai akamu, wadda take kawo mini niƙa, yana nan a lungun shago da masararta a ciki. Tun da aka fara ba ta dawo ba. Na zubar da ruwan na shanya masarar.

Lahadi, bayan azahar

Jabir ya ce a can ɗan lokaci kaɗan ake yi a sauko. Na ce a can suna da wata da watanni, kai kuwa gasa ta matso. Maganin da ake sha da cokali, in ciwo ya yi gaggawa da ludayi ake sha. Yaron nan yana son gudun nan fiye da abinci, kuma na rufe masa hanya, ba shi da wani abu sai katakona. Ya ce to.

Yanzu duk niƙan da aka kawo da safe yana kai. In gwiwa ta gaji sai ya miƙe tsaye sosai, sai in ji haƙoransa suna kaɗawa. Na san wannan ƙarar.

Da yamma yana ɗan sassarfa daga bakin shago zuwa masallaci ya dawo. Layinmu gajere ne. Kamar doki a turke.

Talata, hantsi

Asta ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, abokin naka ba ya barci sosai. Ƙugu yake kuka da shi." Ita ma ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. Na ce ƙarfi ne yake shiga, ƙarfi ba ya shiga da sallama. Ta ce to, Baba. Ta daɗe a durƙushe kafin ta tashi.

Laraba, bayan la'asar

A sahu Jabir yana gefena. Da aka zauna tahiya ya miƙe ƙafar hagu gaba kamar tsoho. Da muka fito ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Ya ce tafin ƙafar ne yake minjirya, ba ya jin ƙasa sosai.

Sanyi ne. Bana an yi sanyi.

Alhamis, bayan azahar

Asta ce ta kai ƙarata. Ta shigo da wayarta a tafin hannu biyu ta ce Koci ne yake son gaishe ni. Ta ajiye mini ita a kan benci, don in na riƙe waya a kunne tana buga mini kunci.

Ya ce, "Baba, ina wuni, yaya gajiya. Maman Jabir ya gaya mini wani magana, na ce sai na ji daga bakinka. Da gaske kana sa yaro a kan injin niƙa?"

Na ce ina sa shi, kuma ƙafa ta yi ɗumi tun ranar farko.

Ya ce, "Ranar farko zai yi ɗumi, Baba. Amma inji namu ana saita shi, ana ƙirga masa, ana hutawa. Naka ba shi da saiti, masara ya sani. Wannan girgiza yana hawa har ƙashin baya. Don Allah ka sauke shi. Ka bar shi ya zo, hanya da rana lafiya, ni kaina zan tsaya masa a Tsohon Filin Jirgi."

Na ce ɗan Rwang, ni da ubanka mun sha girgizar da ta fi wannan tun ba a san za a haife ka ba, ba ta kashe mu ba.

Ya ce, "Babana kafin ya rasu cokali ma ba ya iya riƙewa. Ni nake ba shi abinci a baki. Maɓallin riga ni nake sa masa. Yatsu nasa fari fat, ko wuta ya taɓa ba ya ji."

Na ji mutuwar Rwang tun lokacin da ya rasu. Ban je ba, tsoron hanya ne. Amma wannan ban taɓa ji ba, ni da ake cewa ba abin da ya wuce ni.

Na ce burkutu ce ta ci masa hannu.

Ya ce, "Baba, ka san bai taɓa sha ba."

Na sani. Na ce wa Asta ta ɗauke wayarta.

Juma'a, da yamma

Jabir na kwance.

Asabar, hantsi

Ba a tayar da inji ba.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta yadda aka yi, kada a riƙa faɗarsa ba daidai ba.

Ranar Juma'a da safe na ce wa Jabir ya hau. Ya ce, "Tsoho, Koci ya ce in na sake hawa ba ruwansa da ni. Rantsuwarka ta hanya ce, ba ta katako ba. Hanya na bar maka." Ga mata a tsaye da robobinsu suna ji. Na ce to tayar mini da inji, ka ga yadda maza suke yi. Ya ce in bari. Na ce tayar. Ya tayar.

Na tuɓe takalmi na hau. Da farko daɗi na ji, kamar an mayar da ni rami, har ina jin muryar Rwang yana mini tsiya. Na ce a zuba masara. Ban san mudu nawa aka zuba ba. Ƙafafuna ne suka fara ɓacewa, na duba na gan su amma ba nawa ba ne. Sai bango ya karkata. Na kai hannu in kama ginshiƙi, hannun ya ƙi rufewa. Na ga bel yana tahowa.

Jabir yana bakin ƙofa a lokacin. Ban ga tahowarsa ba, matan ne suka ce tsalle ɗaya ya yi. Ya cafe ni ta ƙugu ya fizgo, muka zube a kan buhuna. Bel ya tafi da hulata. Da aka kashe inji sai na ji shi yana wani irin numfashi, ya riƙe bayan cinyarsa da hannu biyu. Ya ce, "Ta tafi. Na ji ta, kamar an tsinka igiya."

Ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Wurin ya kumbura, ya yi baƙi har bayan gwiwa. Mai kemis na layinmu ya ba da ƙwayar rage zafi, ya ce wannan ba aikinsa ba ne.

Litinin, bayan asuba

Na leƙa ɗakin Jabir. Ya juya fuska bango. Na ce, maigida, ka tashi lafiya? Da, in na ce masa maigida sai ya ce, to ba ni makullin shago. Yau ya ce, "Lafiya lau, Kaka." Rabon da ya ce mini Kaka tun yana firamare.

Talata, bayan azahar

Badung ya sake kira, da Asta ya yi magana, ina daga zaure ina ji. Ya ce gasar wannan shekara a manta da ita. Ya ce yanzu ƙafar ake nema, ba gasa ba. Akwai likitan 'yan wasa da yake zuwa wajensu, sai ya ɗauki hoton tsokar ya ga yadda ta yage. In aka bar ta ta haɗe da kanta a karkace, tafiya zai yi amma gudu ya ƙare. Ya ce makon nan, ba na gaba ba.

Da ta kashe wayar ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta durƙusa ba. Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa ganin tsakiyar idonta ba sai yau.

Ta ce, "Baba, ran da ubansa ya fita ban ce maka komai ba, har yau ban ce ba. Ni ma tsoron hanyar nan nake, na fi ka. Amma shi ba zai karya maka rantsuwa ba ko ƙafar za ta ruɓe. Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Na ce gari bai lafa ba.

Ta ce, "Tun yaushe rabon da ya lafa?"

Ta koma ciki.

Laraba, hantsi

Gari bai lafa ba. Jiya ma an ce an tare mota a wani wuri. Wasu sun ce ƙarya ce.

Na yi ƙoƙarin kwance katakon. Notin da na ɗaure da kaina ya ƙi ni. Sifana ta faɗi sau uku, na bar ta a ƙasa.

Laraba, bayan la'asar

Na tsaya bayan an watse na samu liman. Yaro ne a wurina, ni na riƙe ragon sunansa, amma ilimi ba ya duba furfura. Na ce, Malam, wani mutum ne ya aiko ni da tambaya. Ya rantse da Allah a kan wani abu, yanzu kuma ya ga kamar barin abin ya fi. Ba wai ya yi kuskure ba ne. Al'amura ne suka canza.

Ya ce, "Baba, ka gaya wa mutumin ya aikata abin da ya fi alheri, ya yi kaffara. Ya ciyar da mabuƙata goma daga irin abin da gidansa suke ci. In ba hali, azumi uku."

Na ce zan gaya masa.

Ya ce, "Ka kuma gaya masa ba sai ya sayi gari ba, tunda yana da inji."

Yaran yanzu.

Alhamis, kafin magariba

Na ce wa Asta ta tuƙa tuwo da yawa gobe, da miyar kuka, a kai wa mutanen da suka baro gidajensu suke kwana a makarantar bayanmu. Sun fi goma, a ba duk wanda ya samu. Ba ta tambaye ni na mene ne ba. Ta ce, "Da man shanu ko babu?" Na ce da shi.

Na shiga wajen Jabir na zauna a bakin katifa. Na ce gobe za mu Rayfield. Ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya ce, "Mu?"

Na ce mu.

Ya ce, "Yaushe rabonka da wuce Tamanos?"

Na ce ba ruwanka.

Ya ce, "Za ka ɓata, Tsoho. An yi gine-gine."

Na ce wanda ya haƙa ramin ba ya ɓata a bakinsa. Ya ɗan yi wani abu da baki, ba dariya ba ce sosai. Gasar dai bai ambata ba, ni ma ban ambata ba.

Na yi magana da mai keke mai ƙafa uku na ƙarshen layi. Ya ce iyakarsa Tsohon Filin Jirgi, ba zai ƙara taku ba. Na ce ya isa, akwai mai tsaya mana a can.

Gobe in Allah ya kai mu, ana ɗage doka zan sa babbar rigata, a kamo mini Jabir a sa a keke. Shi a ciki, ni a bakin ƙofa. In soja ya tsayar da mu ni zan yi magana. In wasu ne suka tsayar da mu, ni zan fara sauka. Titin duk ramuka ne, keke kuma ba ya tausayi, don haka zan ɗora ƙafar a kan cinyata in riƙe ta da hannuwan nan, iyakar abin da za su iya riƙewa.